Abin da Na Kwaso daga Porto

Sun rataya mini sunana a wuya,
harafi ɗaya ma sun cinye shi.
Ban nemi gyara ba. Layin gahawa ya fi damuna.

Sana'ata, idan an tambaya:
ina share wa yatsa hanya a kan allo,
in ajiye maɓalli inda ido zai faɗa,
don kada mutum ya zaci shi ne wawa.

Telmo, ogan ofishinmu na Braga,
ya ce mini a bakin jirgin ƙasa:
"Kujerar nan ta ci rabin albashi. Ki dawo da wani abu."
Sai na zana jadawali,
zaure bakwai, lacca goma sha tara,
na yi ta safa da marwa da numfashi sama-sama.

Ranar farko na ɗauki hoton majigi tamanin da huɗu.
Na tafa wa wani mai baƙar riga
da ya rantse gobe babu mai sake taɓa allo.
Na karɓi jaka, da biro, da safa mai tambarin kamfani.
Da dare, ƙafa a kumbure, na buɗe littafina:
kalma uku kacal,
biyu ban iya karanta su ba.

Rana ta biyu ruwa ya taso daga teku,
kogin Douro ya koma launin dalma.
Na makara, zaure ya cika, an ja ƙofa.
Na zauna a matakala kusa da Piret, 'yar Tallinn,
tana matse gefen siket ɗinta.
Ban ce mata "me kike yi" ba.
Na ce, "Me ya taɓa lalacewa a hannunki?"
Ta yi dariya har gahawarta ta zube.
Fom ne na asibiti, in ji ta, shafi tara,
tsofaffi suna tsayawa cak a na huɗu,
domin yana tambayar ranar da miji ya rasu
kuma bai bar wa mai shiru gurbi ba.
Minti ashirin muka yi. Ba majigi, ba tafi.
Har yau shi nake taunawa.

Rana ta uku, a banɗakin mata,
Dona Ermelinda ta jingine tsintsiyarta,
ta ƙura wa katin wuyana ido.
"Ku ne masu manhajar biyan kuɗin ruwa?"
Na ce mu ne, har da gyara tsayuwa.
Ta goge hannu a riga, ta zaro waya mai tsagaggen gilashi,
ta ɗora babban yatsan da sabulu ya cinye
a kan koren maɓallina,
wanda muka yi mako shida muna gardamar launinsa.
Ta danna. Shiru.
Ta danna, ta sake dannawa.
"A watan Maris sau biyu na biya.
Yanzu jikana nake jira, ranar Lahadi."

Ta bayan bango ana tafi raf-raf,
wani yana bayani kan sanin zuciyar mai amfani.
Ni kuwa ina tsaye kusa da bokiti,
kunnena yana zafi,
ina rubutu a bayan takardar goge hannu.

A jirgin komawa na ƙirga katunan da aka ba ni:
talatin da ɗaya.
Biyu kaɗai na tuna fuskar masu su.
Na tura wa Piret saƙo kafin mu wuce Trofa,
tun zancen bai huce ba.
Hotunan majigin suna nan, ban buɗe ba.

Litinin Telmo ya leƙo: "To, ina tsaraba?"
Na ba shi safar.
Sannan na shimfiɗa takardar a tebur, duk ta yamutse,
da lambar waya a kusurwa.
"Alhamis da ƙarfe biyar, in ta tashi aiki, za mu je mu same ta.
Ka taho da littafi.
Kada ka nuna mata inda za ta danna."