Hurumi

Damina ta bakwai ke nan, Vasanti,
tun da kika nuna min ɗakinki a birnin Thane,
hawa na uku, lamba goma sha huɗu,
taga na kallon layin dogo.
Na ƙirga miki kafin alƙalami, rupi dubu ɗari uku,
kika ƙulle a bakin mayafi,
kika ce ɗanki na jiran ki a Nashik.

Sai Phadke, sakataren ƙungiyar gidajen,
ya gyara tabarau, ya rufe rajista.
Ya ce ɗaki naki ne, amma bango na kowa ne,
kuma kwamiti bai zauna ba.

Na tafi kotun ƙungiyoyi.
Akawu ya duba ni sama da ƙasa:
"Kai mamba ne?" Na ce ina so in zama.
Ya ce masu so layinsu na can ƙetaren titi.
Na ƙetara, ruwa har gwiwa,
na shiga kotun ƙararrakin jama'a.
Lauyan ƙungiya ya miƙe, baƙar riga na ɗiga:
"Ranka ya daɗe, ba huruminka ba ne."

Na zama jemage.
Tsuntsaye sun ce ina da haƙora,
dabbobi sun ce ina da fiffike.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Na dafa.
Aka tsaya gardamar murhun wa ya halatta.

A damina ta biyar kika rasu.
Ɗanki ya gaji ƙarar tare da tukwanenki,
mukan sha shayi a rumfa ɗaya,
kowa na biyan nasa.
'Yata Mrunal, wadda na zaɓa wa tagar nan don karatu,
ta gama makaranta a ɗakin haya.

Jiya alƙaliya ta cire tabarau ta ce
cinikin mutum biyu ba sana'ar ƙungiya ba ce,
wanda ba mamba ba yana da inda zai kai kuka,
kuma nan ne wurin.
Layi tara. Na ƙirga su.

Lauyana ya rungume ni, wai mun ci.
Na ce, to ɗakin fa?
Ya ce a'a, Dinkar, ƙofa muka samu,
shari'ar kanta sai bayan hutu.

Da yamma na bi ta layin dogo na ɗaga kai.
Tattabaru sun yi sheƙa a tagar,
ba wanda ya tambaye su takardar mamba.