Jaka Biyu

Barira ta shimfiɗa takardar a kan tabarma,
ta danne gefenta da dutsen guga,
ta ce, "Baba, masu asusun 'yan lise sun ce
a rubuta nawa ke shigowa gidan nan a wata."

Wata?
Ni da lissafina ke farawa da asuba, ya mutu da isha.
Yau a samu,
gobe taya ta fashe a kan gadar Binuwai,
jibi ruwa ya kori fasinja ƙarƙashin rumfa.
Gurbin amsar bai fi tsawon ɓawon gyaɗa ba.
Ta ina Garwa da ramukanta za su shiga nan?

Ta ce, "Faɗi dai." Na faɗa.
Ta zuba ƙosan uwarta a kai, ta ja layi.
Doka ɗaya ce, in ji ta:
gidan da bai kai jaka hamsin ba
a biya wa ɗansa makaranta, da littafi, da na karin kumallo.

Ran Alhamis Mushe Hamajoda ya zo da jan biro.
Mutum ne mai ladabi, har takalmi ya cire.
Ya ga rufin kwano, ya rubuta.
Rani ne, robobin tarar ruwa suna kife a bayan ɗaki,
kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ya ga firji a zaure, ya rubuta,
firjin da ya mutu tun Barira na goye,
littattafanta ke ciki saboda ɓera.
Ya ga babur.
Na ce, na Alhaji Bappa ne,
jaka uku nake kai masa kullum, ko na samu ko ban samu ba.
Ya ce, "A ina yake kwana?"
Na ce, a nan.
Ya rubuta.

Hamsin da biyu.
Haka aka liƙa a allon makaranta.
Jaka biyu muka ɗara talauci,
kuɗin da ba ya sayen ƙafar takalmi ɗaya.

Yawale mai walda ya ce ni na so,
da na kai babur gidansa ya kwana,
na tarbi baƙo da yagaggiyar riga.
Lantana tana wanke wake, ba ta ko ɗago ba, ta ce,
"To in kife kaskon wata guda,
mu talauce yadda suke so."
Barira ta ce, "Ko ni in bari.
Ana neman mai awo a shagon hatsi."
Babu wanda ya amsa mata.
Tuwon daren nan da ƙyar ya wuce.

Can tsakar dare na ga hasken tocila.
Tana zaune, biro a baki.
"Baba, ba su cire kuɗin mai ba.
Babur ɗin da ruwan rijiya yake tafiya?
Amma sai da shaida."

Shaida!
Ni da nake shan zuwa-zuwa a kwalba,
a bakin titi, wurin Ɗan'asabe,
wanda bai taɓa riƙe rasit ba tun da aka haife shi.
Ya saurare mu, ya yi dariya har da tari,
ya ce ta rubuta lita biyu kullum, bashi ran Juma'a.
Ya tsoma babban yatsa a baƙin mai,
ya danna a ƙasan shafin
kamar mai sayar da gona.

Yau da safe ita ce fasinjata ta farko.
Ta riƙe takardar da hannu biyu,
ba ta ko riƙe ni ba.
A mararraba wani mai jakar hannu ya ɗaga mini yatsa,
na wuce shi.
Dala arba'in ke nan ta tafi.
Barira ta matso kusa da kunnena, ta ce,
"Ci gaba, Baba, mun kusa layin."