Gishiri

Shekara arba'in da ɗaya mahaifiyata Ermelinda
tana tallar kifi a gaɓar Nazare.
Muryarta kan riga ta shiga lungu.
Masunta na tsokanarta, wai in hazo ya rufe teku
da ihunta suke gane hanyar gida.

Wata Talata, tana barbaɗa gishiri a kan sardin,
jijiya ta tsinke mata a ka.
Ba ta mutu ba.
Sunayen abubuwa ne suka tattara nasu ya nasu
suka fice cikin dare, kamar 'yan haya masu bashi.

Likita ya miƙa mata cokali.
Ta juya shi, ta kai baki.
Ya ce, me ake ce masa?
Ta yi masa kallon da take yi
wa mai taya kaya da rainin wayo.

Ni ce na kasa barci, ni Graciete,
mai koya wa yara nahawu.
Na rubuta wa komai sunansa na manna:
ƙofa, tukunya, taga, madubi.
Gidanmu ya koma kamar kanti.
Da asuba na tarar ta ɓamɓare su duka
ta hura wutar gashi da su.

Kalma ɗaya tak ta maƙale a bakinta:
gishiri.
Da ita take gaisuwa, da ita take korar mage,
ita take faɗa a coci in kowa ya ce amin.

Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun
da take dukan tebur har tafinta ya yi ja,
tana son wani abu, ina miƙo wani,
mu biyu muna kuka a kan ɗankwali ko lemo, oho.

Amma ga abin da ya hana ni sakat.
Shekara ashirin tana gaba da Deolinda ta ƙasan layi
kan wata magana da aka yi a wurin biki.
Yanzu maganar ta bi sauran.
Ran nan na gan su a kan dakali ɗaya
suna gyaran koma, kafaɗa na gogar kafaɗa.
Ashe ita ma gaba ciyar da ita ake yi,
kullum a tauna mata zance a ba ta.

A da na ɗauka mutum a cikin harshensa yake zaune
kamar dodon koɗi a cikin ƙoƙonsa.
To ƙoƙo ya fashe.
Wane ne wannan da ke leƙowa ta idonta,
ya san ni sarai, bai san sunana ba?
Wa ke dariya kafin a gama ba da labari?

Jiya na tura kekenta zuwa saman dutse
inda igiyar ruwa ke tashi kamar bango.
Na fara halina: Mama, ga teku, ce teku,
ga jirgi, ga tsuntsu.
Sai ta ɗora tafinta a bakina.
Har yau yana ƙarnin kifi.

Na yi shiru dole.
Can sai abin da ke gabana ya daina zama teku.
Ya zama wannan, kawai,
mai girma, mai numfashi, ba ya jiran a kira shi.
Ni ma na ɗan wani lokaci
ban zama 'yar kowa ba, ko malamar kowa,
ba wanda nake bi, ba mai bi na.
Wanda ya yi mu ya san mu tun ba a raɗa mana suna ba.

Bai daɗe ba.
Ƙararrawar coci ta buga shida,
kalmomi suka dawo mini kamar ƙudaje kan faranti:
sanyi, magani, kuɗin wuta, gobe Litinin.

Na gyara mata mayafi.
Ta lashi leɓenta, inda iska ta bar mata ɗanɗano,
ta dube ni, ta faɗi kalmarta.
Wannan karon, daidai ta faɗa.