Wuƙata Ta Riga Kwalba Sani

Shekara talatin da ɗaya ina feɗe kifi
a gindin gadar Garwa,
inda Binuwai ke rage sauri kamar tsohuwar da ta hango gida.
Na san cikin karfasa fiye da cikin ɗakina.
Hanta ja ce, sumul, tana ƙyalli,
haka uwata ta ɗora mini ita a tafin hannu.

Bana sai ga ta ta koɗe,
tana marmashewa kamar ƙulin da ya kwana a ruwa.
Ƙwan tarwaɗa da ke cika mini ludayi
yanzu ko cokali ba ya rufewa.
Na faɗa wa Sallau, mai kawo mini kamun asuba,
ya ce, Tabawa, idonki ne ya tsufa.
Na bar shi.
Ido na tsufa, yatsa ba ya mantuwa.

Wata Talata yarinya ta sauko da takalmin roba har gwiwa,
Haulatu, 'yar jami'a, kwalabe sha biyu a jaka.
Ta tsugunna bakin lambatun da ke gangarowa daga unguwa
tana ɗibar ruwan da ko akuya ta ƙi.
Ta sayi kayan ciki, ta bar mini tsoka.
Tun da nake ban ga irin wannan ciniki ba.

Na ce, me kike nema?
Ta ce, maganin ciwon jiki.
Na yi dariya har wuƙa ta suɓuce.
Na kwance bakin zane na miƙa mata:
ga shi, dikulo, biyu sefa hamsin a faifan Hamajoda,
ɗaya da asuba, ɗaya bayan isha,
da shi nake duƙar da wannan bayan,
da shi nake miƙar da shi.

Ba ta karɓa ba. Ta ce, Inna,
abin da kika haɗiye ba duka jiki ke riƙewa ba.
Saura na bin fitsari, fitsari na bin rariya,
rariya kuwa ba ta da gidan kowa sai kogi.
Ga wanda ya lalace aka watsar bayan katanga,
ruwan Agusta ya kwaso.
Ke kina sha sau biyu ki huta.
Shi kifi a ciki yake numfashi,
ba wanda ya tambaye shi ko bayansa na ciwo.
Ƙoda nake zargi, ta ce, sai hanta.
Amma ban gama awo ba, kada ki ce na ce.

Da dare na riƙe ƙwayar a tafina,
ƙarama, ba ta kai idon kurungu ba.
Na shiga ƙirga.
Masu haƙar yashi da ke nitso da bokiti.
Masu dakon auduga.
Dudu mai wanki, da gwiwarta mai ƙara kamar ƙyauren langalanga.
Yaran babur da hanyar Pitowa ta girgiza wa ƙugu.
Sallau ma, na taɓa ganin ya kora biyu da ruwan kogin,
hannu ɗaya na riƙe da birgi.
Ashe ciwon Garwa bai warke ba,
gangara ya yi.

Jikana ya kwanta da miyar kan tarwaɗa a ciki.
Na daɗe ina kallon yadda yake numfashi.

Na sha. Ba zan yi ƙarya ba.
Baya ba ya jin wa'azi,
kuma kwando uku na jirana kafin rana ta fito.
Sai dai tsofaffin nan da suka rine a ƙasan adaka,
da na yi niyyar watsa wa rariya,
na ƙulle su a leda, na rasa wa zan ba.

Yanzu akwai gwangwanin madara kusa da ƙafata.
Duk hantar da ba ta yi kama da ta hannun uwata ba
a nan nake ajiye ta.
Haulatu ta ce za ta dawo bayan Sallah.
Jiya bakwai.
Yau tun hantsi bai yi ba, tara.