Mabuɗin Sito

Har yau mabuɗin yana aljihun 'yar sharata,
ko da yake ƙyauren da yake buɗewa
ya daɗe a gidan Jauro, yana tare awaki.

Shekara goma sha tara ina kan sikeli
a ƙauyen nan, tafiyar hantsi daga Gidar.
Ranar awo auduga kan tashi tsibi-tsibi
har ta taɓa reshen maɗaci,
yara su hau, su dira, su fito da furfura.
Ni kuwa ina kiran suna:
Tizi, kilo ɗari huɗu da sha biyu.
Barmo, ɗari uku, a cire na raɓa.
Astajam, matar marigayi, tamanin cif.

Taki bashi, iri bashi, maganin feshi bashi,
garmar shanu ma bashi,
amma bashin zobe ne:
in ɗaya ya faɗi, tara su biya.
Mukan zagi juna a dandali da la'asar,
da asuba mu taru a gonar wanda zazzaɓi ya kayar,
don kuɗinmu na kwance a kunyarsa.
Ban ce ƙauna ce ba.
Igiya ce, ta kuwa riƙe.

Kada in yi wa jiya kwalliya.
Malamin gona kan zo da littafi a hammata,
ya ce nan za ka shuka, ran kaza, taku kaza,
ko da hadari bai ce komai ba.
Ni ma babban yatsana ya san gefen sikeli.
Allah na gani. Astajam ma ta gani,
ba ta ce uffan ba.

Sai wata shekara takarda ta zo daga Garwa
da hatimi biyu:
gwamnati ta gaji da goyo, kowa ya tsaya da ƙafarsa.
Ba a jima ba muka kwana da kuɗi
muka tashi da rabinsu,
ba ɓarawo, ba gobara, rediyo ce ta faɗa.
Buhun taki ya hau inda tsani ba ya kaiwa.

Kwanon rufi ne ya fara tafiya, falle-falle, da dare.
Sai benci. Sai allon lissafi.
Tarakta ta durƙusa a bayan sito,
kaji na ƙwai a mazaunin direba.

Yanzu ɗan Tizi ba ya noma.
Jarka takwas ta fetur yake ɗaurowa a babur daga Mubi,
uwarsa ba ta barci sai ta ji ƙararsa.
Barmo ya sayar da fadamarsa
ga wani mai albashi da bai taɓa taka ta ba,
a cikinta yake ƙwadago;
ya san kowane dutse, ko ɗaya ba nasa ba.
Dillali kan zo tun dawa na da ciki,
ya saye ta a tsaye,
ya dawo mana da ita tsakiyar damina, ninki uku.

Astajam kuwa, ita da mata goma sha ɗaya,
sun tona rijiya a yashin Mayo Luti,
albasa suke yi.
Ba hatimi, ba shugaba,
adashi ne a ƙullin zane,
da waya guda a hannun jikarta
tana jiyo farashin Duwala.

Shekaranjiya ta aiko a kira ni.
Sun fanso tsohon sikelin daga wurin maƙeri,
ba wanda ya san halinsa sai ni.
Na je, na kankare tsatsa, na ɗiga masa man gyaɗa,
aka ɗora buhun farko.
Ta matso kusa. Ba allura take kallo ba,
yatsana take kallo.
Na tura hannu aljihu,
na damƙe mabuɗin har ya shiga nama,
na ce: casa'in da shida.
Ta ce: to, rubuta.