Baƙon Cikin Maɗaci

Shekara uku bencin nan yana ƙofar shagona a Katako.
Na maɗaci ne, ni na fere shi,
na goge, na shafa masa mai har yana ɗaukar ido.
Masu jiran aiki sun zauna a kai,
mai kunun gyaɗa ta sha ɗora bokitinta,
ba wanda ya san da mai gida a ciki.

Ni dai nakan ji shi.
In aka ɗauke wuta, injin tsaga ya yi shiru,
sai wani ƙiris-ƙiris ya taso ta ƙarƙashin cinyata,
kamar tsoho na gurgurar goro da haƙorin da ya rage.
Na ce ƙusa ce ke saki.
Da safe in tarar da gari a ƙasa,
mai laushi, ba irin na zartona ba.

Ruwan farko ya sauka daren Talata,
ƙasar Laranto ta yi ƙamshi.
Laraba sai ga rami, daidai ƙaramin yatsana,
bakinsa a gyare, ko ni mai kayan aiki sai haka.
Shi kuwa yana gefe yana shan hantsi,
launin ɓawon itace, da ɗigon toka a baya,
ƙahonni biyu sun fi shi tsawo,
gaɓa-gaɓa kamar karan dawa,
yana juya su a hankali, yana tambayar duniya.

Na ɗaga guduma.
Kachollom ce ta riƙe mini hannu,
'yar jami'ar da ta ba ni aikin akwatunan ajiye ƙwari.
Ta ɗauke shi da yatsu biyu, sai ya yi ƙara,
tsii, tsii, yana goga wuya da gadon baya,
kukan sabon takalmi.

Ta ce uwarsa ce ta ciji ɓawo tun itacen na daji,
ta cusa ƙwai a tsagar, ta tafi abinta.
Tsutsa ta fito fara, ba ƙafar kirki, sai baki.
Aka loda gungume a tirela, tana ci.
Zarto ya wuce ta da faɗin farce, tana ci.
Na buga ƙusa kusa da kanta, tana ci.
Daga baya ta toshe hanya da dussa,
ta kwanta, ta tashi wani daban.

Na ce, yaya sunansa?
Ta buɗe littafi, ta duba waya, ta cije leɓe.
Danginsa ta sani, shi ba ta san shi ba.
Me yake ci yanzu? Ta girgiza kai.
Kwana nawa ya rage masa? Watakila makonni.
Shekara uku a duhu saboda makonni.

Sai ita ta koma tambayata:
wane wata ƙarar ta fi yawa, daga wane daji katakon?
Na ga ta rubuta, "In ji Tanimu kafinta."
Ni da na tsaya a aji huɗu.

Muna cikin haka ya buɗe baya kamar ƙofofin kabad,
ya tashi da nauyi, ƙahonni na jan iska,
ya tsallake kwanon rumfuna, ya nufi wajen Naraguta.
Kwalbarta ta koma gida wayam.

Ban cike ramin ba.
Yara na tura yatsa, manya na cewa in canza benci.
Jiya da aka ɗauke wuta na zauna, na kasa kunne.
Daga ɗaya ƙafar,
ƙiris,
ƙiris.