Tafinta a Shari'ar Haladu

Shekara sha tara ina tsaye tsakanin baki biyu
a kotun nan ta Zariya, ƙarƙashin fankar da ta daina juyi.
Abin da talaka ya faɗa da Hausa,
ni ke sungumarsa in kai wa alƙali da Turanci.

Ran Talata aka shigo da Haladu direba,
hannun hagu a cikin karan ɗori,
gemunsa ya yi furfurar da babu ita a hoton lasin.
Ya tsaya a akwaku yana layi
kamar har yanzu yana bin wani bashin barci.

Ga abin da ya faɗa, ni kuwa na juya:
daga Ikko ya taso da lodin gishiri,
ya sauke a Kano, bai ko cire takalmi ba
waya ta yi ƙara, mai mota ne.
"Kwando ɗari huɗu na jiranka a Kura,
tumatir kuwa bai san gajiya ba, bai san lokaci."

Baƙin shayi a Kwanar Ɗangora.
Goro bakwai. Ƙwaya biyu daga hannun yaron mota.
A Tashar Yari ya sheƙa ruwa a ka,
ya wuce Kwangila yana mintsinin cinyarsa,
kwana uku rabonsa da tabarma, yini guda da abinci.

A Gwargwaje ladan ya ɗaga murya.
Ƙiftawa ɗaya, in ji shi, ɗaya tak.
Kande tana hura wuta ƙarƙashin kaskon ƙosai,
Tanimu yana goge gilashin kekensa.
Da gari ya waye titi ya yi ja,
ba mai iya raba tumatir da abin da ba tumatir ba,
har yau masu shara na faɗa da ɗaci.

Alƙali ya ce in tambaye shi ko ya amsa laifi.
Haladu ya dube ni, ba alƙali ba, ya ce,
"Ranka ya daɗe, barci ne ya sace ni."
Nan harshena ya sarƙe.
A bakinmu barci ɓarawo ne, shi ke ɗaukar mutum.
A bakinsu mutum ne ke yin barci,
da kansa, kamar mai sa hannu a takarda.
Na juya yadda aka koya min.
Ɓarawon ya fice ta taga, akawu ya rubuta: ganganci.

Lauyan mai mota ya miƙe da takarda a leda,
wadda Haladu ya dangwala wa yatsa bara.
Wai sharaɗi na tara ya ce direba ya huta in ya gaji.
Ba sharaɗin da ya ce nawa ake yanke masa
in kwando ɗaya ya ruɓe.
Inshorar kuwa ta mutu tun watan azumi.
Mai motar bai zo ba, an ce yana da uzuri,
wayar da ya buga da tsakar dare
ba ta cikin shaidun da za a duba kafin hukunci.

A bencin baya Uwani, 'yar Kande, ta ɗaga hannu
tana tambayar wa zai biya diyya.
Ɗan sanda ya ce ta zauna.
Wannan ban juya ba, ba a nemi in juya ba.
An ɗage zama zuwa bayan Sallah.

Da yamma na bi ta Gwargwaje a kan babur.
An share wurin, wata ta kafa sabon kasko.
Na tsaya na ƙirga tirela goma sha ɗaya,
a ta shida na hango wani yana mari fuskarsa.
Ita ma motar Haladu an ce an fito da ita,
an buga mata sabon kai a gareji,
a bayanta an sabunta rubutun da ke jiki:
Allah Ya kai mu gida da aminci.